Macizan Gona da Lambu a Yankin Danja: Yadda Ake Gane Su da Abin Yi Idan An Yi Sara

Duk mai noma a Danja, Dabai, Kahutu ko Tandama ya san ba shi kaɗai ke shiga gonarsa ba. Lambun tumatir da ake ba ruwa da rani, gonar rake mai duhuwa, dammunan dawa da masara da aka tara bayan girbi, duka wurare ne da ɓeraye da kwaɗi ke taruwa, kuma duk inda suka taru maciji na biye da su. Yawancin macizan da ake gani a gona ba sa kisa. Amma akwai 'yan kaɗan da saransu kan raba mutum da ƙafa, ko ido, ko ma rai. Wannan bayani zai taimaka wa manomi da iyalinsa su san waɗannan 'yan kaɗan ɗin, su san alamomin dafinsu a jikin mutum, su kuma san matakin da ya kamata a ɗauka tun daga gona har zuwa asibiti.

Abin da bincike ya nuna a wannan yanki

Yankin Malumfashi na cikin wuraren da aka fara nazarin saran maciji sosai a Najeriya. A shekarun 1970 masu bincike daga makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun bi ƙauyukan yankin suna tattara bayanai. A sakamakon da Pugh da Theakston suka fitar a 1980, an samu kimanin mutum 48 cikin kowane 100,000 da maciji ke sara a shekara a yankin Malumfashi, kuma kusan kashi 5 cikin 100 na waɗanda aka sara suna mutuwa. A kwarin kogin Binuwai adadin ya kai 497 cikin 100,000, mace-macen kuma sun kai kashi 12 cikin 100.

Bambancin wuraren biyu ya wuce yawan sara, har da irin macijin. A kwarin Binuwai, kamar yadda yake a Kaltungo ta jihar Gombe, kububuwa ce ke yawan ɓarna. A yankin Malumfashi kuwa kumurci mai tsartuwar dafi ne ya fi fitowa fili, kuma an samu mutane da dama da saransa ya bar su da nakasa saboda ruɓewar nama. A waɗannan shekarun ne kuma Dakta David Warrell da abokan aikinsa a Zariya suka bayyana yadda dafin kumurci, kasa da kububuwa ke aiki a jikin marasa lafiya. Saboda haka duk abin da za a faɗa a nan game da macizan wannan ƙasa tamu ne.

Me ya sa gane maciji ke da amfani?

Dafin maciji iri-iri ne. Wani yana hana jini daskarewa, wani yana ruɓar da nama, wani kuma yana shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya. Allurar kashe dafi ma ba iri ɗaya ba ce. Misali, EchiTAb-G an yi ta ne don dafin kububuwa kaɗai. EchiTAb-Plus, wadda ake yi a ƙasar Kosta Rika, tana aiki a kan kububuwa, kasa da kumurci mai tsartuwa. Idan aka yi wa wanda kumurci ya sara allurar da aka yi don kububuwa kaɗai, an yi asarar kuɗi da lokaci. Don haka duk bayanin da dangi suka kawo game da macijin yana taimaka wa likita.

Amma a riƙe wannan da kyau: ba a fasa zuwa asibiti don ba a ga macijin ba, ba a kuma ɓata lokaci wajen nemansa. Likita na iya yin magani ta hanyar duba alamomin jiki da gwajin jini ko da ba wanda ya ga abin da ya yi saran.

Abubuwa biyar da ake lura da su daga nesa

Idan kun ga maciji, ku ja da baya kamar taku biyar ko fiye, sannan ku lura da waɗannan:

1. Tsawonsa da kaurinsa. Ya kai kamu ɗaya, ko ya kai tsawon mutum? Siriri ne kamar yatsa, ko mai kauri kamar damtse?
2. Launinsa da zanen bayansa. Baƙi ne wuluk, ko mai ɗige-ɗige, ko mai layi-layi?
3. Abin da ya yi da ya gan ku. Ya gudu, ya fasa kai, ya naɗe, ko ya kwanta bai motsa ba?
4. Ƙarar da ya yi. Huci ne, ko ƙara ce kamar ta goga abu mai kaushi?
5. Wurin da lokacin. A cikin ɗaki da dare, a ƙarƙashin dami, a kan bishiya, ko a bakin ruwa?

Idan akwai waya a hannu kuma akwai tazara, hoto ɗaya ya fi dogon bayani. Kada a matsa kusa don hoton ya yi kyau.

Kumurci

Masana na kiransa Naja nigricollis. Dogo ne, yakan wuce mita ɗaya har ya kusa biyu. Launinsa baƙi ne ko toka-toka mai duhu, sau da yawa da ratsin ja-ja a ƙasan wuya, wanda ake gani idan ya ɗaga ya fasa kai. Yana iya tsarto dafi zuwa idon mutum daga nisan mita biyu ko fiye. Da dare ya fi yawo, kuma ba ya tsayawa a gona kaɗai: yana shiga gida neman ɓera, kwaɗo, ƙwai da 'yan tsaki. Shi ya sa ake samunsa a akurki, a gindin rumbu da bayan randa, kuma yakan sari mutum yana barci a ƙasa.

Saransa na kawo zafi da kumburi nan da nan. Bayan kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki sai bororo ya fito, fata ta yi baƙi, nama ya fara ruɓewa. Wani lokaci ruɓewar takan tsallake wani wuri ta ɓullo a gaba. Wanda ya zauna a gida yana jiran kumburi ya sabe yakan zo asibiti da gyambon da sai an yi tiyata.

A wasu garuruwa kumurci da gamsheƙa suna ɗaya ne, a wasu kuma macizai biyu ne daban. Abin da ya kamata a sani shi ne akwai wani mai fasa kai, launin ƙasa-ƙasa ko mai duhu, wanda ba ya tsartuwa, dafinsa kuma jijiyoyi yake kamawa. Wanda ya sara, fatar idonsa za ta fara saukowa kamar mai jin barci, ya riƙa ganin abu biyu-biyu, magana da haɗiya su yi wuya, miyau ya riƙa dalala, daga nan numfashi ya gaza. Wannan na iya faruwa cikin 'yan sa'o'i, ko da wurin saran bai kumbura sosai ba.

Kububuwa

Sunanta a wurin masana Echis ocellatus, kuma ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a yankin savana na Afirka ta Yamma. Ƙarama ce, yawanci santimita 30 zuwa 50, wato kamu ɗaya ko ƙasa da haka. Launinta na ƙasa ne ko toka-toka, da jerin fararen ɗige a gefen jiki. Kanta ya fi wuyanta faɗi. Babbar alamarta ita ce idan ta ji tsoro takan naɗe jikinta ta riƙa goga shi da juna, sai a ji ƙara kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Duk wanda ya ji wannan ƙara a cikin ciyawa ko ƙarƙashin kara, ya tsaya ya ja da baya. Tana ɓuya a ƙarƙashin duwatsu, tarin kara da tsagewar ƙasa, tana fitowa da magariba da dare, musamman bayan ruwan sama.

Dafinta na hana jini daskarewa. Wurin saran zai kumbura, sannan jini ya riƙa fita daga dasashi, hanci, tsohon rauni, fitsari ko bayan gida. Haɗarin da ya fi girma shi ne zubar jini a ciki ko a ƙwaƙwalwa, wanda kan zo bayan kwana biyu, uku, har mako guda, lokacin da iyali suka ɗauka an tsallake. Idan ba a yi allurar kashe dafi ba, mutum 10 zuwa 20 cikin 100 na iya mutuwa. Da allurar da ta dace, adadin kan sauko ƙasa da 2 cikin 100.

Kasa

Bitis arietans ke nan. Gajeriya ce mai kauri ƙwarai, tsawonta kusan mita ɗaya, da faffaɗan kai da zane mai kama da bakin kibiya a jere a bayanta. Launinta na sajewa da busasshiyar ciyawa da ganye. Ba banza ake cewa mutum na barci kamar kasa ba: ba ta gudu idan ta ji tafiya, sai dai ta kumbura ta yi huci mai ƙarfi. Yawancin waɗanda take sara taka ta suka yi a kan hanyar gona ko tsakanin kunya. Duk da nauyin jikinta, saranta na da sauri ƙwarai.

Dafinta na kawo kumburi mai tsanani da zai iya cinye ƙafa gaba ɗaya har ya hau jiki, da bororo, da taruwar jini a ƙarƙashin fata. Ruwan jiki da jini na tsiyayewa cikin ƙafar da ta kumbura, sai bugun jini ya faɗi, mutum ya ji jiri ko ya suma.

Ƙaramin baƙin macijin ƙasa

Akwai wani siriri, baƙi mai sheƙi, da ɗan ƙaramin kai da ba a bambanta shi da wuya, da gajeriyar wutsiya mai tsini. Masana na kiran danginsa Atractaspis. A ƙarƙashin ƙasa yake zama, ana tono shi lokacin huɗa ko ya fito bayan ruwan sama. Ganinsa ba ya ba da tsoro, shi ya sa yara da matasa ke ɗaukarsa. Ba a iya riƙe shi lafiya ko ta bayan kai, domin yana fito da haƙori ta gefen baki ya soki yatsa. Saransa na da zafi ƙwarai, yana kuma iya ruɓar da yatsa.

Waɗanda ba su da haɗari sosai

Tsadaraki, dogon siriri mai layi a jiki da ke gudu da rana kamar walƙiya, ba ya kisa, ko da yake cizonsa kan ɗan kumbura. Damatsiri, siririn koren nan, ba shi da dafin da ke cutar da mutum. Mesa ba ta da dafi, amma babba na iya yin mummunan rauni da haƙoranta. Akwai kuma macijin gida mai launin ƙasa da ke cin ɓeraye a rumbu, wanda a gaskiya taimakon manomi yake yi.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Akwai maciji mai cin ƙwai wanda ba shi da dafi, amma zanensa da ƙarar da yake yi sun yi kama da na kububuwa. Akwai kuma wani koren macijin bishiya mai manyan idanu da dafinsa ke sa zubar jini, ana iya ɗaukarsa damatsiri ne. Tunda ko masana kan yi kuskure daga nesa, ƙa'idar ita ce kada a taɓa kowane maciji da hannu, kuma duk wanda aka sara a kai shi asibiti.

Maganganun da ke ruɗar mutane

Ana cewa mai dafi shi ne mai kai kamar kusurwa uku. Wannan ya dace da kasa da kububuwa, amma kan kumurci ba haka yake ba idan bai fasa ba. Ana cewa sai an ga sawun haƙori biyu, alhali wani lokaci ɗaya ake gani, wani lokaci ɗan ƙarzane kawai. Ana cewa ƙaramin maciji ba ya kisa, ga kububuwa ta ƙaryata hakan, kuma ɗan kumurci ma da dafinsa yake fitowa daga ƙwai. Harshen maciji ba ya sara, da shi yake sansano abin da ke kewaye da shi.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganin gargajiya ke yin suna a wannan fanni. Macizai da yawa ba su da dafi, mai dafin ma wani lokaci yakan yi sara bai zuba dafi ba, sannan ko a saran kububuwa mafi yawan mutane kan rayu. Duk waɗannan za a ce magani ne ya yi aiki. Wanda dafi ya shiga jikinsa sosai kuwa, babu abin da aka tabbatar yana karya dafin sai allurar asibiti, kuma shi ne jinkiri ke kashewa.

Taimakon farko

A janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali. A cire zobe, agogo, awarwaro da takalmi kafin kumburi ya kama. A sa sanda ko kara a gefen ƙafar ko hannun a naɗe sako-sako kamar yadda ake tallafar karaya, don gaɓar ta daina motsi. Kada ya yi tafiya ko gudu idan akwai yadda za a ɗauke shi, domin motsi na saurin yaɗa dafi. A kan babur, a sa shi a tsakiya wani ya riƙe shi ta baya. Idan yana amai ko ya galabaita, a kwantar da shi ta gefen hagu. A lura da lokacin da aka yi saran, likita zai tambaya.

Idan dafi ne aka tsarta a ido, a wanke nan take da ruwa mai yawa, ana zubawa ana buɗe idon na tsawon minti 15 ko fiye. Kada a murza, kada a ɗiga ruwan ganye ko wani abu. A je asibiti a duba ko baƙin idon ya yi rauni, domin irin wannan rauni ne kan zama gyambo ya kai ga makanta.

Abubuwan da ba a yi

Kada a ɗaure gaɓar tamau da igiya, roba ko tsumma. Ɗaurin na tsayar da jini ya kashe naman da dafin kumurci ko kasa ya riga ya raunana, kuma ƙafafu da yawa ɗauri ne ya sa aka yanke su. Kada a yi tsaga, kada a yi ƙaho, kada a tsotsa da baki. A jikin wanda jininsa ba ya daskarewa, ƙaramar tsaga na iya zubar da jini ba tsayawa. Baƙin dutsen da ake mannawa ba ya zuƙe dafi. Kada a ba da jiƙon da ke sa amai. Kada a sha asfirin, ibuprofen ko diclofenac, domin suna ƙara zubar jini, farasitamol ya isa kafin a isa asibiti. Kada a bi maciji don a kashe shi. Idan an riga an kashe, a ɗauke shi da sanda a sa a buhu ko bokiti mai murfi, domin kan mataccen maciji na iya sara.

Abin da za a yi a asibiti

A nufi asibiti mafi kusa. Idan ana bukatar babban asibiti, akwai na Funtuwa da na Malumfashi, da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Yana da kyau wani ya buga waya tun ana hanya a tambayi inda ake da allurar kashe dafi a ranar.

Za a ɗebi ɗan jini a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye minti 20. Idan bai daskare ba, alama ce dafi irin na kububuwa ya shiga jini. Ana maimaita gwajin, domin na farko kan iya fitowa lafiya daga baya ya canja. Shi ya sa ake riƙe mara lafiya aƙalla awa 24 ko da yana jin garau. Ba kowane sara ke bukatar allurar ba. Ana yin ta idan jini ya ƙi daskarewa, ko ana zubar jini, ko kumburi na hawa da sauri, ko alamun shanyewar jijiyoyi sun bayyana, ko bugun jini ya faɗi. Ta jijiya ake ba da ita, a gaban ma'aikaci da ke da allurar adirenalin a kusa, saboda wasu jikinsu kan yi bore. Yaro na bukatar adadin da babba ke bukata, tunda dafin da maciji ya zuba ɗaya ne. Mai juna biyu ma ana yi mata, domin dafin ya fi allurar haɗari gare ta da abin da ke cikinta. Za a kuma duba rigakafin tetanus, a kula da raunin da aikin ƙoda.

Kada dangi su sayo kowace allura a kemis ba tare da likita ya rubuta sunanta ba. Wadda aka yi don macizan Indiya ba ta aiki yadda ya kamata a kan kububuwar Afirka ta Yamma, an ga haka a Ghana inda mace-mace suka ƙaru bayan an koma amfani da irinta.

Bayan an sallame ku, ku koma da gaggawa idan jini ya sake fitowa, fitsari ya ragu ko ya yi duhu, ciwon kai mai tsanani ya zo, ko raunin ya fara wari.

Rigakafi

Sara ya fi yawa a farkon damina lokacin shuka da noma, da kuma lokacin kaka. Masu lambu kuwa har da rani suna cikin haɗari, musamman masu ban ruwa da asuba ko da dare. Yawancin sara a ƙafa ne da hannu, don haka dogon takalmin roba da dogon wando na kare mutum sosai. A riƙe tocila da dare ko da zagayawa za a yi. A bugi dami, tarin kara ko kwandunan tumatir da sanda kafin a ɗaga. Kada a zura hannu a ramin gafiya, suri ko kogon bishiya, a kuma ja wa yara masu farautar ɓera kunne. A share ciyawa a kewayen gida, a nisanta itacen girki, akurki da juji daga ɗakin kwana, a toshe ramuka da ƙasan ƙofa. A kwana a kan gado cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, wannan kariya ce daga sauro da kumurci a lokaci ɗaya.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta sa burin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. A ƙauye, abin da ya fi tasiri shi ne shirin da aka yi tun kafin tsautsayi: ƙungiyar manoma ko masu lambu ta san mai babur ko motar da za a kira da dare, ta san asibitin da za a nufa, ta kuma ajiye ɗan kuɗin gaggawa. Allah ya tsare mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.